Yara a Ƙasar Inabi: Yadda Hanyar Alsace ta Koyi Karɓar Ƙananan Baƙi

Alsace yanki ne a gabashin Faransa da ya miƙe tsakanin duwatsun Vosges daga yamma da Kogin Rhine daga gabas, kogin da ya zama iyakarsa da ƙasar Jamus. A gindin waɗannan duwatsu ne gonakin inabi suka jeru cikin wani siririn zirin ƙasa wanda faɗinsa a wurare da yawa bai wuce 'yan kilomitoci ba, amma hanyar da ta ratsa shi, wadda ake kira Hanyar Giyar Inabi ta Alsace, ta kai tsawon kimanin kilomita 170 daga garin Marlenheim a arewa zuwa Thann a kudu. Duwatsun suna tare giragizan da ke tasowa daga yamma, don haka ruwan sama bai cika yawa a gefensu na gabas ba, har birnin Colmar yana cikin biranen Faransa mafiya ƙarancin ruwa, yanayin da kurangar inabi, wato itacen da ke yaɗo yana ba da 'ya'yan, take so ƙwarai. Gonakin sun kai kimanin hekta 15,500 a yankunan garuruwa da ƙauyuka 119, kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ake samarwa kuwa farar giyar inabi ce.

Ko da yake sana'ar yankin ta manya ce, kuma doka ta haramta sayar wa yaro abin da take samarwa, duk wanda ya bi hanyar a yau zai tarar an tanadi wuraren shaƙatawar yara kusan a kowane zango, kama daga dajin birai da filin nuna gaggafa har zuwa lambunan tsuntsaye da gidajen adana kayan wasa. Waɗannan wurare ba su kai gonakin tsufa ba ko kusa, domin manyan cikinsu an kafa su ne tsakanin 1968 da 1984, tarihinsu kuwa yana bayyana yadda matsayin yaro ya sauya a ƙasar inabi cikin ƙarni guda. Makaranta ce ta fara janye shi daga gona, doka ta biyo baya ta raba shi da kofin giya, daga bisani mota da hutun ma'aikata suka komo da shi a matsayin baƙo wanda tilas a nemo masa abin yi yayin da iyayensa ke ciniki da manoma.

Yaro a gonar iyayensa

Noman inabi a kwarin Rhine ya samo asali tun zamanin mulkin Rumawa, sannan ya bunƙasa a hannun gidajen ibadar Kirista na tsakiyar zamani, waɗanda suka mallaki gonaki masu yawa. Ana loda giyar cikin ganguna na katako, a bi da ita ta Kogin Ill zuwa Strasbourg, daga nan a gangara ta Rhine zuwa Cologne da Holan da Ingila da ƙasashen arewacin Turai, arzikin da wannan fatauci ya kawo a ƙarni na 16 shi ne ya gina gidajen nan masu ginshiƙan katako a bango da har yau ake zuwa kallo a Riquewihr da Colmar. Tsohon asibitin Strasbourg ma yana da ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa da aka gina a 1395, inda har yanzu akwai gangar giyar shekarar 1472, saboda a wancan zamani marasa lafiya kan biya kuɗin jinya da gona ko da amfaninta. Yaƙin Shekaru Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya ragargaza wannan wadata, ya hallaka jama'a masu ɗimbin yawa, kuma a ƙarshensa ne yankin ya fara shiga ƙarƙashin sarautar Faransa.

A duk tsawon waɗannan ƙarnuka gonar inabi aikin iyali ce, kuma yawancin manoman Alsace ƙananan filaye suke da su, warwatse a kan gangaren tuddai, tare da 'yan shanu da gonar hatsi ko ta dankali. Manomi ba shi da ikon fara tsinkar inabinsa ranar da ya ga dama, sai hukumar gari ta yi shelar buɗe girbi, al'adar da ta samo tushe daga bukatar masu ƙasa da majami'u su karɓi rabonsu ba tare da an ɓoye musu kome ba. Kafin ranar kuwa akan rufe hanyoyin gonaki, a naɗa masu gadi su hana mutane da dabbobi shiga. Da zarar an yi shela sai dangi da maƙwabta su taru kamar yadda ake taruwa wajen gayya, domin inabin da ya nuna ba ya jiran kowa, ruwan sama na 'yan kwanaki ya isa ya ruɓar da shi. Mata da manyan yara ne ke yankan nonnan inabin da ƙananan wuƙaƙe, maza majiya ƙarfi suna goya dogon mazubi a baya suna kai wa amalanke, ƙananan yara kuma suna tsince ƙwayoyin da suka zube ƙasa, suna kai abinci gona, bayan an gama girbi kuma talakawa da 'ya'yansu su shiga yin kala.

Yaron wancan zamani yana shan abin da gidansu ke sha. Akan zuba ruwa a kan tukar inabin da aka riga aka matse, a bar ta ta sake tsima, a sami wani abin sha mai rauni wanda ma'aikatan gona da iyalai ke amfani da shi yau da kullum, yara kuma akan sirka musu giya da ruwa a lokacin cin abinci. Jama'a sun ɗauki giyar inabi a matsayin abinci mai ƙara ƙarfi da jini, har likitoci da dama sun goyi bayan wannan ra'ayi, saboda haka babu wanda ya ga dalilin ware wa yaro wata duniya ta daban a ƙauyen da kowa ke rayuwa da kuranga. Nishaɗinsa shi ne na kowa, wato bukukuwan gari, irin su bikin makaɗa da mabusa na Ribeauvillé wanda ya faro tun ƙarni na 14, lokacin da sarakunan gidan Ribeaupierre suke iyayen gidan mawaƙan yankin, bikin da har yau ake yi a Lahadin farko ta watan Satumba.

Makaranta da doka

Canji na farko ya zo ta hanyar ilimin dole. Bayan Faransa ta sha kashi a yaƙin 1870, Jamus ta haɗe Alsace cikin daularta, kuma tun a watan Afrilu na 1871 sababbin mahukunta suka wajabta wa yara zuwa makaranta daga shekara shida, maza har zuwa sha huɗu, mata har zuwa sha uku. Wannan ya riga Faransa da shekara goma sha ɗaya, domin sai a ranar 28 ga Maris 1882 aka zartar da dokar Jules Ferry, ministan ilimi na lokacin, wadda ita ma ta san halin ƙauye, shi ya sa ta ba kwamitocin makarantu damar ɗauke wa yaro zuwa aji na tsawon da bai wuce wata uku a shekara ba idan iyayensa sun nema. Bayan Alsace ta koma hannun Faransa a 1918 ta bi jadawalin karatun ƙasar sannu a hankali, inda a 1938 minista Jean Zay ya tsayar da babban hutu daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Da yake girbin Alsace a da yakan shiga watan Oktoba, 'ya'yan manoma sukan je gona ne bayan an tashi daga makaranta da kuma ranar Alhamis, wadda ita ce ranar hutun tsakiyar mako har zuwa 1972 da aka mayar da ita Laraba. An ɗaga shekarun barin makaranta zuwa sha huɗu a 1936, sannan zuwa sha shida bisa wata doka ta 1959, kuma kowane ƙari yana rage kwanakin da yaro ke yi a tsakanin kurangu.

Raba yaro da giya ya fi ɗaukar lokaci, saboda hukuma da kanta ta daɗe tana tallata ta. Yawan amfanin gona da ya rasa masaya ya sa a 1931 aka kafa wani kwamitin ƙasa na yayata shan giyar inabi, kuma a shekarun da suka biyo baya an riƙa buga hotuna da takardun talla masu kwatanta ta da madara da nama wajen gina jiki, wasu ma har sukan kai hannun 'yan makaranta. A makarantu da yawa iyaye kan sa wa yaro 'yar kwalba cikin jakarsa, ɗakunan cin abinci kuma suna raba giya sirkakkiya a kan tebur. Pierre Mendès France, wanda ya shugabanci gwamnati daga 1954 zuwa farkon 1955, shi ne ya fito fili ya yaƙi wannan ɗabi'a, ya kafa babban kwamitin nazarin illar shaye-shaye, ya kuma sa aka fara raba wa 'yan firamare madara da sukari, abin da ya jawo masa ba'a da ƙiyayya daga masu sana'ar barasa. A watan Agusta na 1956 Ma'aikatar Ilimi ta haramta ba wa yara 'yan ƙasa da shekara sha huɗu duk wani abin sha mai sa maye a makaranta, amma manyan ɗaliban sakandare sun ci gaba da samunsa a wurin cin abinci har 1981. Dokar Évin ta 10 ga Janairu 1991, mai ɗauke da sunan ministan lafiya Claude Évin, ta hana tallar barasa a talabijin da silima da mujallun yara, sannan a 2009 aka haramta sayar da kowace irin barasa ga wanda bai kai shekara sha takwas ba.

Abin da ya sauƙaƙa wannan rabuwa a aikace shi ne samuwar ruwan inabi wanda ba ya tsima. Ruwan da aka matse daga inabi zaƙi gare shi kuma babu maye a cikinsa, amma cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin yisti, waɗanda ido ba ya gani kuma suke zaune a kan ɓawon inabin da kayan matsa, sukan fara cinye sukarin suna mayar da shi barasa. Binciken Louis Pasteur a shekarun 1860 ya nuna cewa ɗumama abin sha zuwa wani mizani yana kashe irin waɗannan ƙwayoyi, a 1869 Thomas Welch ya yi amfani da dabarar a Amurka ya adana ruwan inabi domin ibadar majami'ar da ba ta yarda da giya ba, a 1896 kuma masanin tsirrai Hermann Müller-Thurgau na Suwizalan ya wallafa bayanin yadda ake sarrafa ruwan 'ya'yan itace marar maye. Da wannan ne manomi ya sami abin da zai miƙa wa yaro daga gonarsa ba tare da ya saɓa wa doka ko likita ba.

Hanyar mota da hoton ƙauye

Yayin da yaron ƙauye yake ficewa daga gona, sana'ar kanta tana fama da nata matsalolin. Wani ƙwaro mai cin saiwar kuranga da ake kira filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka a shekarun 1860, ya lalata gonaki har sai da aka koma yin aure tsakanin rassan inabin Turai da saiwar na Amurka mai jure masa. A zamanin mulkin Jamus an fi ƙarfafa yawa a kan inganci, farashi ya faɗi, abin da ya sa manoman Ribeauvillé suka kafa ƙungiyar gama-kai a 1895 don su matse inabinsu su sayar tare. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara dagula al'amura, musamman a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da gumurzun da aka yi a kewayen Colmar ya rusa ƙauyukan inabi irin su Ammerschwihr da Bennwihr da Sigolsheim kusan baki ɗaya. Bayan yaƙi manoma suka zaɓi hanyar inganci da sayar da kaya da sunan yankinsu, aka buɗe kasuwar baje kolin giya ta Colmar a 1948, a 1962 kuma aka shigar da Alsace cikin tsarin kare sunan asali, wato dokar da ke ƙayyade inda za a noma inabi da irin da za a shuka da yadda za a sarrafa shi kafin kwalba ta ɗauki sunan yanki.

Cikin wannan yunƙuri ne aka ƙaddamar da Hanyar Giyar Inabi ranar 30 ga Mayu 1953, inda ayarin motoci biyu suka taso, ɗaya daga Marlenheim ɗaya daga Thann, suna yada zango a ƙauyuka. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin maƙwabta a yankin Palatinate na Jamus sun buɗe tasu tun 1935, amma ta Alsace ta zo a daidai lokacin da talakan birni ya fara samun hutu da abin hawa. Ma'aikatan Faransa sun sami hutun shekara mai albashi na mako biyu a 1936, aka ƙara shi zuwa uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982, ƙananan motoci masu araha irin su Renault 4CV da Citroën 2CV kuma suka bazu tun daga ƙarshen shekarun 1940. Mutumin da ya fita hutu da motarsa ba shi kaɗai yake tafiya ba, matarsa na gefensa, 'ya'yansa na kujerar baya, kuma yaro ba ya iya haƙurin tsayuwa a ɗakin ajiya mai sanyi da duhu yana sauraron bayani kan bambancin inabin Riesling da na Gewurztraminer.

Alsace ta yi sa'a cewa kamannin da baƙi ke zuwa nema tun asali domin yara aka zana su. Jean-Jacques Waltz, mai zane ɗan Colmar da aka fi sani da Hansi, wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1951, ya wallafa tarihin Alsace na ƙananan yara a 1912 da wani littafin hotuna kan ƙauyensa a 1913, inda ya cika shafuka da 'yan mata masu babban ɗaurin baƙin ƙyalle a ka, da gidaje masu launi, da tsuntsaye a kan rufi. Manufarsa ta siyasa ce, wato yi wa mahukuntan Jamus shaguɓe da raya ƙaunar Faransa, har kotun Leipzig ta yanke masa ɗaurin shekara guda a 1914 ya tsere, amma bayan rigimar ta wuce hotunan sun zauna a kan katunan gaisuwa da kwanoni da kayan tsaraba. Haka nan kagarar Haut-Koenigsbourg, wato ginin tsaro na dutse da ke kan tsauni mai tsayin mita 757, wadda sojojin Suwidin suka ƙone a 1633, Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya sa magini Bodo Ebhardt ya sake gina ta tsakanin 1900 da 1908 don nuna ikon daularsa, sai ga shi ta zama wurin da yara ke hawa hasumiya suna kallon takubba da sulke da gadar da ake ɗagawa da sarƙa.

Gaggafa da birai da farar shamuwa

A gindin wannan kagara, a ƙauyen Kintzheim, aka fara kafa wuraren da aka tsara musamman domin iyalai. A 1968 aka buɗe filin nuna tsuntsaye masu farauta a cikin kangon tsohuwar kagarar ƙauyen, inda ake sakin gaggafa da shaho da ungulu su yi shawagi a kan 'yan kallo sannan su komo hannun mai horar da su, a lokacin da manoma da mafarauta da yawa ke ɗaukar irin waɗannan tsuntsaye a matsayin maɓarnata, tun kafin doka ta ba su cikakkiyar kariya a 1972. Shekara guda bayan haka, a 1969, aka killace daji mai faɗin hekta 24 aka saki biran Barbari, wani jinsi marar wutsiya da ke zaune a duwatsun Maroko da Aljeriya kuma yake jure sanyi, aka bar baƙi su yi tafiya a ƙafa a tsakaninsu ba tare da keji ba, shekaru da yawa ma akan ba kowane baƙo 'yar gugguru ya miƙa musu. Biran sun haura 200, masana halayyar dabbobi suna gudanar da bincike a kansu, an kuma mayar da ɗaruruwa daga zuriyarsu dazuzzukan Maroko. A 1974 aka ƙara wani filin wasanni a ƙauyen, a 1975 kuma aka buɗe babban dandalin Europa-Park a garin Rust da ke hayin kogi a Jamus, wanda ya ƙara jawo iyalai zuwa wannan sashe na kwarin.

Labarin farar shamuwa ya fi sauran zurfi, domin ya haɗa Alsace da ƙasashen Sahel kai tsaye. Wannan tsuntsuwa 'yar'uwar shamuwar nan ce da ke sauka a ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, sai dai ita fara ce mai baƙin gefen fiffike da jan baki, tana sheƙa a kan rufin gidaje da majami'un Turai, idan sanyi ya gabato kuma ta tsallaka ta mashigin Jibralta ta ƙetare Sahara, ta yi rani a fadamun da suka miƙe daga Senegal zuwa Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi tana cin fara da kwaɗi. Mutanen Alsace sun daɗe suna gaya wa 'ya'yansu cewa ita ce ke kawo jarirai, yaron da ke son ƙane kuma akan ce ya ajiye mata sukari a bakin taga. Farin da ya addabi Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970, tare da farauta a hanya, da wayoyin lantarki, da magungunan ƙwari, da busar da fadamun kwarin Rhine don noma, sun kusa ƙarar da ita, har a 1974 ma'aurata tara kacal aka ƙirga a duk yankin. A 1976 aka buɗe cibiyar farfaɗo da ita a Hunawihr, a tsakiyar gonakin inabi, dabarar kuwa ita ce a tsare 'yan tsakin cikin babban keji na kimanin shekara uku har sha'awar ƙaura ta yi sanyi, sannan a sake su su yi sheƙa a kusa. Kuɗin shiga da iyalai ke biya ya taimaka wajen ɗaukar nauyin aikin, yau kuma ma'auratan sun haura dubu, ko da yake da yawansu sun daina isa Sahel, suna tsayawa a Sifaniya da Maroko ko ma su ƙi tafiya sam.

Mataki na gaba shi ne mayar da rayuwar ƙauyen da ta shuɗe abin kallo. A 1984 aka buɗe wani gidan tarihi na sarari a Ungersheim, inda aka kwance tsofaffin gidajen manoma fiye da 70 da ake shirin rushewa, aka sake haɗa su a wuri guda, da maƙera da masu gina tukwane da masu aikin katako suna nuna sana'arsu, da kuma ajin makaranta irin na da. A nan yaron birni yake ganin ayyukan da kakanninsa suka yi tilas, yana gwada su na 'yan mintoci don nishaɗi. Colmar ta buɗe gidan adana kayan wasan yara a 1993, garuruwa da dama suka sa ƙananan jiragen ƙasa masu tayar roba da ke zagayawa da baƙi cikin lunguna da gonaki, kasuwannin Kirsimeti kuma, waɗanda ta Strasbourg ta faro tun 1570, suka bazu zuwa ƙauyukan inabi, suka tsawaita lokacin baƙi har cikin hunturu.

Manomi da ƙaramin baƙonsa

Su kansu manoman sun daɗe kafin su shigo cikin wannan tsari, abin da ya tura su kuwa shi ne raguwar masaya na yau da kullum. A farkon shekarun 1960 abin da kowane mutum ke sha a Faransa, idan aka raba daidai, ya haura lita 100 na giyar inabi a shekara, amma yanzu ya sauko zuwa kusan 40, don haka ƙaramin manomi ya ƙara dogara ga baƙon da zai zo ƙofarsa ya saya kai tsaye ba tare da dillali ba. Aikin gona ma ya sauya, domin tarakta ta maye gurbin doki, injin girbi ya shigo Faransa daga shekarun 1970, inda doka ta wajabta tsinka da hannu kuma, kamar gonakin da aka ware a matsayin mafiya daraja tun daga 1975, ɗalibai da 'yan ƙwadago na lokaci ne ke yin aikin, kuma ɗumamar yanayi ta jawo farkon girbi daga Oktoba zuwa Satumba, a wasu shekarun ma ƙarshen Agusta. Gidajen manoma da yawa yanzu suna ajiye ruwan inabi marar maye da takardun zane a gefen teburin ɗanɗano, ƙauyuka sun shata hanyoyin ƙafa a cikin gonaki masu allunan bayani kan ƙasa da irin shuka da ayyukan kowane wata, wasu kuma suna shirya wasan neman alamomi da aka ɓoye domin yaro ya bi hanyar da marmari. A 2013, shekarar da hanyar ta cika sittin, aka buɗe hanyar keke da ke bin gefenta, wadda ta rage wa iyalai dogaro da mota a yankin da dokar tuƙi ke hukunta duk wanda barasar jininsa ta kai rabin giram a lita.

Wannan kusanci bai rasa masu suka ba. Ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye suna ganin cewa yaron da ya taso yana haɗa gonar inabi da ranakun farin ciki ana shirya shi ne ya zama mai saye idan ya girma, manoma kuma suna amsawa da cewa abin da suke nuna masa noma ne da tarihi da yanayin ƙasa. Majalisar dokokin Faransa ta karkata ga manoma sau biyu, inda a 2014 ta ayyana giyar inabi da gonakinta a matsayin wani ɓangare na gadon al'adun ƙasar, a 2016 kuma ta sassauta dokar Évin ta yadda bayani kan yanki da tarihinsa da yawon buɗe ido ba zai shiga cikin ma'anar talla ba, amma haramcin sayar wa yaro barasa yana nan daram. Muhawarar ba ta ƙare ba, sai dai ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda, wato cewa wuraren yara sun zama sashe na tattalin arzikin inabi, domin yawan kwanakin da iyali ke yi a yankin, da yawan ƙofofin manoman da suke ƙwanƙwasawa, ya danganta ne ga ko an samar wa mafi ƙanƙanta a cikin motar abin da zai riƙe hankalinsa.